Kazar Roshambo a Kan Kurfoti

A can kudancin ƙasar Amurka, daf da inda kogin Misisifi yake juye ruwansa cikin teku, akwai wani birni mai suna Niyu Olins wanda mutanensa suka yi fice wajen kiɗa da girki. Kiɗan dai na bar wa masu shi. Girkin shi ne fagena, domin kuwa sama da shekara ashirin ke nan ina koyar da darasin tattalin gida a makarantar sakandaren 'yan mata. Daga cikin girke-girken da mutanen wannan birni suke tinƙaho da su akwai wani da ake kira kazar Roshambo. Yadda ake jera shi a faranti shi ne, a shimfiɗa yankan cinyar alade wadda aka jiƙa a gishiri aka banda, a zuba mata wata miya mai duhu, a ɗora gasasshiyar kaza a kai, sannan a lulluɓe kazar da wata miyar kuma rawaya mai kauri da ake yi da gwaiduwar ƙwai da bota. A wasu gidajen abincin akan fara sa yankan gasasshen burodi a ƙasa don ya tsotse romon da ke gangarowa.

Na san mai karatu ya riga ya yamutsa fuska tun da ya ji an ambaci alade, yana cewa me ya haɗa malama Bahaushiya kuma Musulma da wannan kwamacala. To, a yi mini haƙuri a bi ni a sannu, domin wannan tambayar ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Na haɗu da wannan girki ne a cikin wani tsohon littafin abinci na Amurka, ɗaya daga cikin littattafan nan na kyauta da akan jibge a ɗakin karatun makarantu, ba mai buɗe su sai gara. Manhajarmu ta tanadi a koya wa ɗalibai yadda ake kaurara miya da fulawa da mai, da kuma yadda ake haɗa mai da ruwa su zauna tare ba su rabu ba. Shekara da shekaru muna koyar da waɗannan abubuwa biyu a kan allo, yara su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, su manta. Da na karanta yadda ake yin kazar Roshambo sai na ga darussan biyu sun haɗu a faranti guda, miya mai duhu tana koyar da na farko, rawayar tana koyar da na biyu. Daga nan na shiga bibiyar labarin abincin da na mutanen da suka ƙirƙiro shi.

Faransawa ne suka kafa Niyu Olins a shekarar 1718. Shekara guda bayan haka, wato a 1719, jiragen farko ɗauke da bayi daga Afirka suka iso yankin Luwiziyana, kuma mafi yawan waɗanda aka kawo a zamanin mulkin Faransa daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su, mutanen da suka gaji noman shinkafa. A 1762 Faransa ta miƙa yankin ga Sifen, ta sake karɓarsa a 1800, sannan Napoleon ya sayar wa Amurka da shi a 1803 a kan dala miliyan 15. A 1809 kuma sai ga kimanin mutum 10,000 masu gudun hijira, 'yan asalin ƙasar da ake kira Haiti a yau, sun kwararo cikin birnin ta hanyar Kuba, farare da baƙaƙe, 'ya'ya da bayi. Zuriyar da aka haifa a wannan cakuɗa ita ake kira Kiriyol, kuma girkinta ya ɗebo daga kowane ɓangare. Miyarsu mafi shahara, gumbo, sunanta ma daga kalmar kuɓewa ya samo asali a wasu harsunan Afirka ta Tsakiya, garin ganyen da wasu ke kaurara ta da shi kuwa daga 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Choctaw, aka koyo shi. Soya fulawa cikin mai da yawan amfani da bota, wannan gadon Faransawa ne.

Ita kazar Roshambo ana danganta ta da wani gidan abinci mai suna Antoine's, wanda wani saurayi daga Faransa, Antoine Alciatore, ya buɗe a 1840, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da shi har yanzu. A wannan gida miya mai duhun ta albasa ce da bota da fulawa da romon kaza, da ruwan khal da ɗan sukari. A wasu gidajen kuwa sukan yi ta da jan giyar inabi da laimar kwaɗi irin wadda ake ci da yankakken naman aladen. Rawayar miyar sunanta beyarnez, kuma daga Faransa aka zo da ita, inda ake cewa an fara yin ta a wani gidan abinci kusa da birnin Faris a shekarun 1830.

Ranar da na kawo maganar a ɗakin malamai cewa ina so in koya wa 'yan aji biyar wannan girki, sai da aka ja daga. Wani dattijon malami da nake ganin girmansa ya ce, “Malama, ke ko? Duk girke-girken da Allah Ya hore mana, sai na masu cin alade za ki kawo wa 'ya'yan mutane? Gobe iyaye su ji, a ce makaranta ta fara koyar da haram.” Na ce masa, “Allah gafarta Malam, ba alade ba giya a tukunyata.” Kafin in rufe baki sai wata abokiyar aikina, Kirista, wadda ta taɓa cin irin wannan naman a lokacin da take karatu a waje, ta yi dariya ta ce, “Ai in kin cire aladen kin cire girkin, Hajiya. Kaza da miya kawai za ki dafa, ki daina wahalar da sunan mutane.”

Ga ni dai a tsakiya, ɗaya yana ganin na ɗauko abin da ya fi ƙarfina, ɗaya tana ganin ban ɗauko komai ba. Kowannensu kuwa yana da gaskiyarsa. Malam ya yi daidai da ya ce amanar yara ce a hannunmu, saboda haka tun kafin a kunna wuta na rubuta jerin kayan haɗin na kai wa shugabar makaranta ta gani, na kuma ba kowace yarinya ta kai gida. Ita ma abokiyar tawa ta yi daidai, domin naman nan ba ado ba ne a farantin. Kaza nama ce mai sanyin ɗanɗano, miyar ƙwai da bota kuwa tana da gundura in ta yi yawa. Gishiri da ƙanshin hayaƙin da ke jikin bandar nan su ne ke tsaga maiƙon, su sa mutum ya iya ci har ƙarshe. Tambayar da ta rage mini ita ce, wane nama ne na halal zai iya yin wannan aikin?

Wata malamar ta ce a sa kilishi. Kilishi kuwa ya bushe ƙayau, ga labun ƙuli da yaji da aka shafe shi da su, waɗanda za su danne duk wani ɗanɗano da ke kusa da su. Abin da na yi shi ne na sayi tsokar cinyar sa, kilo ɗaya, mai ɗan kitse a gefe, na shafe ta da gishiri cokali uku, sukari cokali ɗaya, masoro da ɗan kanumfari, na ɗaure a leda na sa a firij kwana uku ina juya ta safe da yamma. Gishirin yana janye ruwan naman, ya shige cikinsa, ya sa tsokar ta matse. A rana ta huɗu na wanke ta na tsane, na kai wa mai tsiren unguwarmu, wanda ya ajiye ta can gefen tukubarsa inda hayaƙi ya fi wuta yawa, tun daga la'asar har bayan isha'i. Da aka yanka ta fale-fale, launinta bai yi ja-ja irin na Turawa ba, domin su akwai wani sinadarin gishiri da suke sawa mai riƙe launi. Amma gishirin da hayaƙin da ake nema duk sun samu.

Ɗakin girkinmu yana da murhun gas guda biyu waɗanda tukunyarsu ta daɗe ba ta ga cikawa ba, don haka a kan kurfoti da gawayi muka yi aikin. Na raba yaran rukuni-rukuni. Rukunin farko suka gyara kaji, aka shafa musu gishiri da masoro da bota, aka gasa su a hankali har sai da aka soka wuƙa a cinya ruwan ya fito garai ba jini. Ƙasusuwan baya da wuya da fukafukai kuwa aka tafasa su da albasa don a sami romo.

Rukuni na biyu su suka yi miya mai duhu. Ga kaza ɗaya, bota cokali uku ake narkarwa, a zuba yankakkiyar albasa manya biyu, a yi ta juyawa a kan wuta kaɗan har ta yi laushi ta koma ruwan ƙasa. Sai a barbaɗa fulawa cokali uku a ci gaba da juyawa. Nan ne haƙuri yake aiki, domin fulawar tana bukatar ta soyu har ta yi launin ƙuli-ƙuli, ƙanshinta ya koma kamar na soyayyar gyaɗa, amma in aka ɗauke ido minti guda ta ƙone, in kuwa ta ƙone ba abin da zai fitar da ɗacin. Mutanen Luwiziyana suna kiran wannan soyayyar fulawa ru, kuma ita ce tushen yawancin miyarsu. Gwargwadon duhunta gwargwadon ƙanshinta, sai dai kuma gwargwadon raguwar ƙarfinta na kaurara miya, saboda zafi yana karya sitacin da ke cikin fulawar. Bayan nan aka zuba ruwan khal cokali huɗu da sukari cokali biyu, aka bi da romo kofi biyu kaɗan-kaɗan ana burgawa don kada ta yi gudaji, aka bar ta ta yi ta ɓararraka a hankali kamar minti ashirin.

Rawayar miyar ni na tsaya a kanta da kaina, yara suna kewaye da ni. Ana fara tafasa ruwan khal cokali huɗu da ƙaramar albasa yankakkiya ƙanana da masoro har ruwan ya ƙafe ya rage kamar cokali ɗaya da rabi. Faransawa suna sa wani ganye mai suna taragon, wanda ba a samunsa a kasuwarmu, sai na sa ɗan ganyen daddoya a madadinsa, na kuma faɗa wa yaran cewa ƙanshin biyu ba ɗaya ba ne. In ruwan ya huce sai a tace shi cikin kwano, a zuba gwaiduwar ƙwai uku, a ɗora kwanon a bakin tukunyar ruwan zafi yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba, a yi ta kaɗawa da maburgi har ya yi kumfa ya fara kauri. Daga nan a riƙa ɗiga narkakkiyar bota, giram 200, ɗigo-ɗigo da farko, sannan siriri kamar zare, hannu bai tsaya ba. A cikin gwaiduwa akwai wani sinadari da ke kama mai ta gefe ɗaya ya kama ruwa ta ɗaya gefen, shi ne yake hana su rabuwa. Amma gwaiduwa takan fara daskarewa da zarar zafi ya kai wajen digiri 65 zuwa 70, alhali ruwa sai ya kai 100 yake tafasa. Ke nan in wuta ta yi yawa wainar ƙwai za a samu tana iyo cikin mai. Kurfoti ba shi da maɓallin rage wuta, don haka dabarar ita ce a riƙa ɗaga kwanon ana mayarwa. In miyar ta fara tsinkewa, cokali ɗaya na ruwan sanyi da kaɗawa da ƙarfi yakan dawo da ita.

Wata yarinya da ke riƙe mini kwano ta ce, “Malama, ashe kamar yadda Innarmu take kaɗa miyar kuka ne, in ta tsaya sai ta yi gudaji.” Na ce haka ne. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma ko a Faris ko a Funtuwa miya ba ta son gaggawa.

Da aka jera faranti aka zauna ci, sai wata daga can baya, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, shi wannan Roshambo ɗin shi ne kukun da ya fara dafawa?” Wannan tambaya ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk abin da ya faru a ranar, domin amsarta ita ce a'a. Roshambo, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Rochambeau, janar ne na soja da sarkin Faransa ya tura Amurka a 1780 da dakaru sama da 5,000 don su taimaki George Washington a yaƙin neman 'yanci daga Ingila, kuma da shi aka ci nasarar Yorktown a 1781. Don girmama shi aka laƙaba wa kazar sunansa. Wani abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne, ɗan wannan janar, shi ma Rochambeau, shi ne ya jagoranci sojojin Napoleon a ƙarshen yaƙin da aka yi don murƙushe baƙaƙen fatar Haiti da suka ƙwaci kansu daga bauta. Ya yi ƙaurin suna wajen zalunci, har karnuka ya sa aka kawo daga Kuba don farautar mutane, amma a watan Nuwamba na 1803 sojojin Dessalines suka ci shi da yaƙi, Haiti ta ayyana 'yancinta ranar 1 ga Janairun 1804. Uba ya yi yaƙi don 'yantar da wasu, ɗa ya yi yaƙi don danne wasu, sunan gidan kuma ya ƙare a kan farantin kaza.

To, su wa suka riƙa tsayuwa a gaban murhu? A gidajen attajiran Niyu Olins, tun zamanin bauta har bayansa, mata baƙaƙe ne ke girki, a manyan gidajen abinci da dama kuma maza baƙaƙe ne ke bayan fage. Kafin dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, wanda ya kaɗa miyar da hannunsa ba shi da ikon ya zagayo ta ƙofar gaba ya zauna ya ci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Kaɗan ne daga cikinsu sunansu ya fito fili. Akwai Lena Richard, wadda ta buga littafin girkinta da kanta a 1939, ta kuma gabatar da shirin girki a talabijin a 1949, shekara guda kafin rasuwarta. Akwai Leah Chase ta gidan abincin Dooky Chase's, inda masu fafutukar 'yanci, har da Martin Luther King, suka riƙa haɗuwa su ci su tattauna a lokacin da doka ta hana fari da baƙi zama tebur ɗaya. Ta rasu a 2019 tana da shekara 96. A 1978 kuma Nathaniel Burton da Rudy Lombard suka fitar da wani littafi mai suna Creole Feast, wanda ya fito da manyan kuku-kuku baƙaƙe 15 na birnin da sunayensu. Wata masaniyar tarihi, Gwendolyn Midlo Hall, ta shafe shekaru tana tono tsofaffin takardun kotu da na cinikin bayi a Luwiziyana, ta tattara bayanan mutum sama da 100,000. Daga cikin ƙabilun da aka rubuta a takardun nan, tare da Bambara da Wolof da Fulani da Yarabawa da Ibo, akwai Hausawa. Da na faɗa wa yaran wannan sai ajin ya yi tsit, har mai lasar cokali ta ajiye.

Ba zan ɓoye ba, akwai wata suka da ta fi ta Malam da ta abokiyata nauyi, kuma maigidana ne ya yi ta. Ya ce a wannan zamani na tsadar rayuwa, da yawa daga cikin ɗalibaina sai da sallah suke ganin kaza, wane amfani ne a koya musu miyar da ke shanye bota giram 200? Na daɗe ina juya maganar. Abin da na iya ba shi amsa da shi shi ne, sau ɗaya ne a shekara muke yi, kuma da kaji uku aji duka ya ɗanɗana. Yarinyar da ta iya riƙe miyar ƙwai ba ta tsinke ba a kan gawayi, ta sami abin da za ta nemi aiki da shi a kowane otel, ko ta kafa sana'ar girkin biki. Bayan haka, tun daga ranar na lura sun daina raina abin da ake yi a gidajensu. Sun gane cewa niƙaƙƙiyar gyaɗa a miyar taushe, da garin kuka, da yauƙin kuɓewa, duk hanyoyin kaurara miya ne masu ilimi a bayansu, daidai da fulawar Faransawa. Ya ce ya ji, amma har yau yana ganin da a ce tuwo muka inganta da ya fi. Ban ce ya yi kuskure ba.

Game da suna kuwa, na yarda da abokiyar aikina rabi. A littafin darasina na rubuta “kaza da banda, a kan tsarin kazar Roshambo ta Niyu Olins”, na kuma bayyana abin da aka sauya da dalilin sauya shi. In na kira ta Roshambo kai tsaye na yi wa mutanen can ƙarya, in kuma na ɓoye inda na samo ta na ci amanar waɗanda suka sha hayaƙi kafin ta iso gare ni. Su kansu Kiriyol haka suka yi, abin da suka tarar a ƙasar suka haɗa da abin da suka zo da shi, kowa ya sa abin da hannunsa ya kai.

Aikin gida da na ba yaran a wannan mako shi ne kowace ta je ta rubuto girki ɗaya na gidansu, da ma'auninsa, da sunan wadda ta koya wa mahaifiyarta, da garin da ta fito. Wasu sun dawo da sunaye har hawa uku. Wasu kuwa sun dawo suna cewa an ce musu haka aka tashi aka gani, ba wanda ya tuna. Wannan shi ne abin da nake so in roƙi 'yan'uwana marubuta. Muna da littattafan soyayya da na jarumta jibge a kasuwa, amma wa ya rubuta mana wadda ta fi kowa iya dambun nama a unguwarsu, ko yadda kakarsa take gane daddawa ta nuna? Tsofaffin nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowace da tukunyarta a ka. Takardun ɗalibaina na nan na adana su a cikin kwali, guda 41, kuma duk marubucin da yake so ya duba su, ƙofa a buɗe take. Allah Ya jiƙan waɗanda suka ciyar da mu, Ya ba mu ikon ambaton sunayensu, amin.